Amfilifayar Toronto

Shekara talatin da ɗaya Naum Trpevski ya yi yana gyaran rediyo a garin Resen, a wani ɗan shago mai taga ɗaya da ke tsakanin shagon aski da na mai sayar da irin shuka. Tun daga ƙauyukan bakin tafki ake kawo masa kaya, wasu a bayan jaki, wasu a kan tarakta. Ba mai kiran sunansa gatsau. Maistor Naum ake ce masa, kamar yadda ake kiran duk wanda hannunsa ya faɗa a sana'a. Idan ya ce abu ya mutu, ba a ɗaukarsa zuwa birnin Bitola a sake tambaya.

Akwai abu ɗaya da garin bai sani ba: Naum ba ya bambance ja da kore. A idonsa jar waya da koriya duk launin busasshen ganye ne. Sai da ya je aikin soja ya gane, ranar da likita ya buɗe masa wani littafi mai ɗige-ɗige ya ce ya karanta lambar da ke ciki, shi kuwa bai ga lamba ba. Ya dawo gida ya ja bakinsa ya yi shiru, don ya riga ya yi nisa a koyon aikin lantarki, kuma ya san ba wanda zai miƙa rediyonsa ga mutumin da ba ya ganin launin waya.

Matarsa Dosta ce kaɗai ta sani. Kafin su yi aure ta yi shekara tara tana naɗin wayar kayan lantarki a wata masana'anta a Bitola, saboda haka waya ba baƙuwarta ba ce. Kullum da tsakar rana takan kawo masa abinci a tukunyar ƙasa. Ya rufe ƙofa, ya jera mata duk abin da ya shige masa duhu tun safe. Ta duba ta ce wannan ja ce, wannan koriya, wannan ruwan ƙasa. Shi kuma ya ɗaura wa ja ɗan farin zare. Ba ya ɗaukarsu minti goma. Daga nan ya ci wakensa, ta kwashe kwanuka ta koma gida. Mutanen layin sun ɗauka ƙauna ce kawai take sa su rufe ƙofa, har mai aski yakan tsokane shi a kai.

A kakar shekarar 1978, lokacin tsinkar tuffa, ƙanen Dosta mai suna Sotir ya dawo daga Toronto ta ƙasar Kanada bayan shekara goma sha biyu, don ya aurar da 'yarsa a gida. Ya yi ƙiba, ya sa haƙorin zinare, kuma a cikin kayansa akwai wata baƙar amfilifaya, na'urar ƙara sauti, mai nauyin ɗan maraƙi. Tsaraba ce ya kawo wa abokinsa na ƙuruciya, Pande mai busa sarewa, wanda shi da mutanensa za su yi wasa a bikin ranar Lahadi mai zuwa. Pande bai taɓa mallakar irinta ba. Duk bukukuwan da ya yi, da ƙarfin huhunsa ya yi su.

Ranar Lahadin da ta gabaci bikin aka haɗu cin abincin rana a gidan su Dosta na gado, a ƙarƙashin rumfar inabi. An ci gasasshen kifin tafki, an sha barasa, baki ya buɗe. Sotir ya sa aka fito da amfilifayar aka ɗora a kan kujera kamar amarya.

"Matsala ɗaya ce," in ji shi. "Wutar can ɗari da goma ce, taku ta nan ɗari biyu da ashirin. In aka jona ta haka, ta tafi. Amma mai shagon ya ce min taransifomar da ke ciki tana cin duka biyun, wayoyi kawai za a sauya. Ya ce har takarda an liƙa a ciki, yaro ma zai iya." Ya juyo ya dubi Naum yana murmushi. "To mijin Yaya, za ka iya, ko in sa ta a mota zuwa Skopje, babban birni? Ka san wannan ba rediyon tsofaffi ba ce."

Aka yi dariya. Dosta, wadda ke yanka burodi, ta ce ba tare da ta ɗago kai ba, "Ka kawo ta shago gobe, za mu duba."

"Za ku duba?" Sotir ya ɗaga gira. "Ashe shagon na mutum biyu ne? Maistor, ba ka gaya mana ka ɗauki Yaya aiki ba."

Wajen mutum goma sha biyar ne a teburin, har da limamin cocinsu. Naum ya ajiye kofinsa ya ce, "Wake take kawo min. Abin da yayarka ta sani a harkar wuta bai wuce kunna dutsen guga ba, shi ma wani lokaci sai na nuna mata."

Dariyar da aka yi ta fi ta farko. Dosta ta gama yanka burodin, ta share wuƙar a jikin atamfar gabanta, ta shiga ciki ɗauko tattasai.

Washegari da safe Pande da Sotir suka kawo amfilifayar a baro, suka ce za su dawo bayan azahar. Naum ya kwance bayanta. Aiki ne mai tsabta, irin wanda yake son gani. Taransifomar tana da naɗi biyu a ɓangaren da wuta ke shiga, kowanne da bakin waya biyu. A Kanada an haɗa su kafaɗa da kafaɗa. A nan kuwa sai an jera su, wutsiyar na farko ta kama kan na biyu. Takardar ta nuna komai: a haɗa mai ratsin rawaya da mai ratsin ja, a ba da wuta ta mai ratsin fari da mai ratsin kore. Fari da rawaya ya gan su sarai. Sauran biyun kuwa, ya kai su bakin taga, ya juya su, ya sa tabarau ya cire, duk ɗaya suke.

Bai damu ba. Ya ajiye su ya jira tsakar rana.

Da ƙarfe goma sha biyu Dosta ta shigo, ta ɗora tukunya a kan teburi, ta ajiye cokali da burodi. Ya miƙe zai rufe ƙofa.

"Bar ta a buɗe," ta ce. "Guga na bari a gida."

Ta fita. Ya tsaya da hannunsa a kan ƙofar yana kallon bayanta har ta sha kwana. Da ya kira sunanta sau ɗaya ya ce ta yi haƙuri, ya san za ta juyo. Amma mai aski yana zaune a waje yana shan gahawa, sai ya fasa.

Duk da haka yana da mafita, kuma ya san ta. Sai ya haɗa wayoyin yadda ya ga dama, ya sa ƙwan fitila a kan hanyar wutar kafin ta isa taransifoma. In haɗin daidai ne ƙwan zai yi ja-ja ya lafa, in kuskure ne zai haska sosai, ba abin da zai ƙone. Ya ɗauko ƙwan ke nan sai ga Sotir da Pande, tun kafin lokacin da suka ce, mai aski na biye da su, da wasu mutum biyu da suka ji labari. Shagon ya cika.

"Har yanzu?" in ji Sotir. Ya ga ƙwan fitila a hannun Naum. "Wannan kuma na mene ne? Ba ga takarda ba? Ko Turancin ne ya yi maka yawa, in karanta maka? Ja da rawaya, shi ke nan."

"Na gani," in ji Naum.

Ya mayar da ƙwan cikin aljihun tebur. Ya dubi wayoyin nan biyu, ya zaɓi wadda ta fi kusa da hannunsa, ya murɗa ta da mai rawaya, ya liƙe da dalma, ya naɗe da baƙin salatif da sauri kafin wani ya leƙo. Ya jona sauran, ya sauya fulogi, ya sa a soket, ya danna makunni.

Fiyus ya yi ɗan ƙara, ya mutu.

Ko ɗan koyo ya san ma'anar wannan. Fiyus ya gaya masa gaskiya, kuma bai yi masa ɓarna ba: naɗin biyu suna faɗa da juna, a juya waya ɗaya shi ke nan. Amma juya wayar yana nufin ya kwance salatif a gaban mutum biyar masu ganin ja da kore.

"Fiyus ɗin can ba shi da ƙarfi," ya ji bakinsa yana faɗa. "Ba a yi shi don wutarmu ba."

Ƙarya ce, kuma kishiyar gaskiya ce ma, don a wuta ɗari biyu da ashirin ƙaramin fiyus ake sawa, ba babba ba. Ya yanko guntuwar waya mai kauri ya cusa a gurbin fiyus. Har yau bai san abin da yake fata a lokacin ba. Wataƙila ya yi zaton fiyus ɗin tsoho ne da gaske. Ya danna makunni.

Amfilifayar ta yi wani gurnani mai nauyi, teburin ya ɗau rawa. Kafin ya kai hannu ga fulogi hayaƙi ya fara fitowa, fari da farko, sannan baƙi, mai warin ƙonannen fenti. Wutar shagon ta ɗauke, ta shagon aski ma ta ɗauke.

Pande ya cire hularsa ya riƙe a hannu.

Naum ya sunkuya ya shinshina taransifomar, ya ƙwanƙwasa ta da sukudireba, ya girgiza kai kamar likita. "Da ciwonta ta zo," ya ce. "Tsohuwa ce aka yi wa fenti. Ko kuma danshin jirgin ruwa ya shige ta. Sun gan ka baƙo, Sotir, sun sayar maka da gawa."

Ya ga yadda fuskar surukinsa ta sauya. Sotir ya dubi Pande ya ce a hankali, "A kwalinta na saye ta. A gabana aka buɗe."

"Haka suke yi," in ji mai aski. "In Maistor ya ce gawa ce, gawa ce."

Kafin yamma labari ya zaga kasuwa. Washegari Naum na zaune a shago yana jin masu wucewa suna dariya: ɗan Kanada ya haye teku da akwatin hayaƙi. Wani ya ce a duba haƙorin zinaren ma, kada shi ma fenti ne. Sotir bai fito gari ba ranar. Naum ya kasa taɓa kowane aiki. Ya san mutumin nan shekara goma sha biyu ya yi yana tsaye gaban tanderun gidan burodi a wata ƙasa mai sanyi, kuma abin da ya fi ɗoki a dawowarsa, bayan auren 'yarsa, shi ne ya ga Pande ya busa a ji shi har bakin tafki.

Da tsakar rana Dosta ta zo, ba tukunya a hannunta. Ta rufe ƙofa da kanta. Ta jawo amfilifayar, ta kwance baƙin salatif ɗin, ta duba. Sannan ta zaro guntuwar wayar daga gurbin fiyus ta ajiye a gabansa.

"Rawaya da kore," ta ce. "Wannan na gane, rabin laifin nawa ne, da na tsaya na duba maka da ba a yi haka ba. Amma wannan fa?" Ta nuna guntuwar wayar.

Ya ɗauki guntuwar yana jujjuya ta. Ta ci gaba.

"A layin burodi yau matar mai aski take tambayata ko ƙanena ya iya karatu. Matar Sotir tun jiya take kuka. Naum, ni ka ci min fuska a gaban mutane, na haɗiye, na saba da bakinka in ka sha. Shi me ya yi maka?"

"Na kasa kwance salatif ɗin a gabansu," ya ce.

"Na sani." Ta juya taransifomar tana duba ƙarfenta. "Ƙarfen bai lalace ba. Naɗin ciki ne ya ƙone. Zan sake naɗa ta, amma ba don kai ba, don yarinyar nan da za a aurar. Kai kuma ka san abin da ya rage maka."

A ɗakin ajiyar tuffa na bayan gida akwai wata tsohuwar na'urar naɗi ta hannu da ta zo da ita gidan aure, ta yi shekaru a ƙarƙashin akwatuna. Suka fito da ita suka sa mata mai. Naum ya zare faya-fayan ƙarfen taransifomar ɗaya bayan ɗaya, sun fi ɗari, ya jera su a kan jarida. Dosta ta warware naɗin waje a hankali tana ƙirga zagaye, tana rubutawa a bangon kwali da fensir, har ta isa ga na ciki wanda ya zama gawayi. Shi ma ta ƙirga shi, yana karyewa a hannunta. Ya hau bas zuwa Bitola ya sayo wayar tagulla mai kaurin da ta faɗa masa.

Kwana biyu tana naɗi. Hannun dama yana juya mariƙin na'ura, yatsun hagu suna jan waya, kowane zagaye yana kwanciya a jikin ɗan'uwansa ba rata ba hawa. In layi ya cika ta shimfiɗa siririyar takarda ta fara wani. Leɓunanta suna motsi da ƙirga, in ya yi mata magana ba ta amsawa. Naum yana zaune a kan akwatin tuffa yana riƙe mata ƙullin waya. Shekara talatin suna tare bai taɓa ganin ta yi wannan aiki ba, kuma ya gane cewa ko da idonsa lafiya lau ne, ba zai iya naɗi mai kyan wannan ba. Naɗi ɗaya ta yi na wuta ɗari biyu da ashirin, baki biyu kacal. Suka tsoma ta a banish, fentin da ke kare waya, suka gasa a tanderun girki da ƙaramar wuta, gidan ya yi kwana biyu yana wari.

Ranar Juma'a da hantsi ya mayar da ita cikin amfilifayar, ya sa ƙaramin fiyus, ya jona ta ta ƙwan fitila. Ƙwan ya haska ya lafa. Ya auna ko'ina da mita, komai daidai. Ya cire ƙwan ya ba ta wuta kai tsaye, lasifika ta yi ɗan numfashi mai tsabta.

Ya sami Sotir a gonar tuffa ta gidansu, a kan tsani. Ya tsaya a ƙasa ya faɗa masa komai, idonsa a kan takalmansa: launin, zaren, waya a gurbin fiyus, da wanda ya naɗa sabuwar. Sotir ya sauko a hankali. Sannan ya ɗauki tuffa ɗaya daga kwando ya ɗaga.

"Wannan wane launi ce?"

"Ban sani ba."

Sotir ya yi 'yar dariya marar daɗi ya jefa ta cikin kwando. "Da ka ce min a kunne, mijin Yaya, da ni zan nuna maka wayar. Tsokanarka nake yi, tun ina yaro nake tsokanarka." Ya goge hannu a wando. "Amfilifaya ba komai ba ce. Kwana huɗu ban iya shiga kasuwar garinmu ba. Ita kuma Yaya, shekara talatin tana shigowa da tukunya kamar 'yar aiki."

"Zan gaya wa mutane."

"Ka gaya musu," in ji Sotir, ya koma kan tsaninsa.

Ranar biki aka kafa lasifika a kan bishiyar goro a filin gidan. Da Pande ya busa, tsofaffin da ke zaune a can ƙarshen layi suka miƙe, aka kama hannu aka yi da'ira har ta fita titi. Bayan waƙa ta uku Pande ya ja makirufo ya ce, "Jama'a, kayan nan sun mutu ranar Litinin a gabana. Ga wanda ya tashe su. Maistor Naum, miƙe a gan ka."

Aka yi tafi. Wani ya tura shi ya miƙe. Makirufo bai fi taku goma daga inda yake ba, kuma ya shirya maganar tun daren jiya. Ya ga Sotir yana kallonsa daga teburin iyayen amarya. Ya ga Dosta can gefe da faranti a hannu. Ya ɗaga hannu ya gaida mutane, ya zauna. Naman da aka zuba masa bai iya ci ba, ya bar wurin tun rana ba ta faɗi ba.

Sai ranar Talata ya iya. Ya shiga shagon aski ya zauna a kujera, aka shafa masa kumfa, ga mutum huɗu suna jiran layi. Yana kallon silin ya ce, "Amfilifayar Sotir sabuwa ce. Ni na ƙona ta. Ba na ganin ja da kore, ban taɓa gani ba. Dosta ce take duba min, ita ce kuma ta naɗa taransifomar." Mai aski ya tsaya da aska a sama, sannan ya ci gaba da aikinsa har ya gama. Ba a buƙatar gaya wa kowa kuma bayan wannan.

Garin ya yi abin da ya saba. An yi wata guda ana nuna masa tumatir ana tambayarsa ko ya nuna. Wasu suka koma kai talabijin ɗinsu Bitola, ba su dawo ba. Manoma kuwa suka fara kawo injin ban-ruwa da ya ƙone suna tambaya ko matar Maistor tana nan, har dole aka kawo na'urar naɗin shago aka sa ta bakin taga.

Sotir ya koma a farkon Nuwamba. A tashar bas ya rungume yayarsa ya daɗe, ya rungume Pande. Da ya zo kan Naum ya miƙa masa hannu kawai.

"A biki ya kamata ka faɗa," ya ce.

"Haka ne," in ji Naum.

Ya ɗauki babbar jakar surukin nasa ya kai ta bayan bas da kansa, ya tsaya har direba ya rufe ƙofar wurin kaya.